Shagon Injiniya a Ikeja: Yadda Aka Kashe Mini Matsalar DLL Ba Tare da Fomatin Ba

Na yi wannan rubutu ne saboda 'yan'uwana masu sana'a irin tawa a Legas, wato masu buga kati da fosta, masu cike wa ɗalibai fom, masu ɗaukar hoto, da duk wanda abincinsa ke cikin kwamfuta guda ɗaya. Ni a Agege nake, wajen Zango, ina buga katin ɗaurin aure da na walimar saukar Alƙur'ani da kalandar makarantun Islamiyya. Akwai wani shagon gyara a kasuwar Computer Village da ke Ikeja wanda yanzu can nake kai duk na'urar da ta fara yi mini gardama. Zan faɗi abin da ya yi daidai da abin da bai yi ba, domin wanda zai je ya san abin da zai tarar.

Ciwon da ya kai ni kusan kowa ya taɓa ganinsa. Ka danna manhaja, maimakon ta buɗe sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo da Turanci, yana cewa ba za a iya ci gaba ba saboda ba a sami wani fayil mai suna VCRUNTIME140.dll ba, wai in an sake ɗora manhajar ƙila a dace. Manhajar zanen da nake tsara kati da ita ce ta fara. Kafin la'asar ta firinta ma ta bi sahu, amma ita MSVCP140.dll take nema. Laftof ce ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Ingila, Windows 10 ke kanta. Ga kuma katunan biki a ƙasa waɗanda masu su sun riga sun ba da kafin alƙalami.

Yaron shagona ɗan ƙanwata ne, yana da ƙwazo amma hannunsa ya fi tunaninsa sauri. Ya rubuta sunan fayilolin a intanet, shafuka suka fito rututu, kowanne na cewa danna nan ka sauke kyauta. Ya sauko da su biyun ya zuba a foldar System32 yadda ya ga wani ya yi a bidiyo. Saƙon farko kuwa ya ɓace. Sai dai wani ya maye gurbinsa, wannan karon da lamba, 0xc000007b, wai manhajar ta kasa tashi daidai. An gudu ba a tsira ba. Mai gyaran da ke layinmu ya leƙa allon, bai ko zauna ba ya ce Windows ɗin ce ta ruɓe, sai fomatin, wato a share komai a sake ɗora Windows, kuma cikin awa guda zai miƙo mini ita fes. Ban yi musun saurinsa ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne kayan da ke ciki: salon haruffan da na tara shekara da shekaru, masu ƙ da ɗ da ɓ da ba sa karyewa a kan kati, da na Larabci da nake rubuta Bismillah da ayoyi, da tsofaffin zane-zanen kwastomomi waɗanda sukan dawo su ce a canza suna da kwanan wata kawai. Ana iya kwashe fayiloli kafin fomatin, na sani, amma saitin launin firinta da rajistar manhajoji ba haka suke dawowa salin-alin ba. Wani abokin sana'a da ke Idi-Araba ne ya ce in gwada wannan Injiniyan kafin in yarda a share.

Shagon ba shi da allon suna. Yana hawa na biyu a ɗaya daga cikin benayen da ke bayan titin Otigba, kuma kowa a benen Injiniya yake ce masa. Daga Agege hanya mafi sauƙi ita ce jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024. Kana barin tashar Agege ta gaba ita ce Ikeja, daga nan sai ka taka da ƙafa. In lokacin jirgin bai dace da naka ba, ka hau danfo zuwa ƙarƙashin gadar Ikeja. Acaɓa kam ka manta da shi, tun 2022 aka hana shi a Ikeja. Daga bakin kasuwa za ka fara cin karo da samarin nan masu jan hannun riga suna tambayar me kake nema, ka mayar da jakarka gaba ka wuce abinka. An daɗe ana zancen za a mayar da kasuwar zuwa Katangowa, wajen Abule Egba, ni dai a Ikeja na same shi.

Injiniyan matashi ne, haifaffen Idi-Araba, iyayensa mutanen Zariya. Hausarsa irin ta 'ya'yan Legas ce, yana yi yana tsoma Yarbanci da burokan, musamman in ya juya kan yaransa biyu masu koyon aiki. Faɗin shagon bai wuce mutum huɗu su tsaya ba, benci ɗaya ne, fanka ɗaya, ƙarar janareto kuma ta ko'ina. Amma abin da ya fara burge ni shi ne bai zaro filasha ba. Ya karanta saƙon, ya sa na nuna masa hoton saƙon farko da na ɗauka a waya, sannan ya ce:

"Alhaji, kafin wannan ya fito, me aka taɓa? An ɗora wani abu ne ko an cire?"

Na ce ni dai ban taɓa komai ba.

"To wa ke riƙe ta in kun fita sallah?"

Nan take na kira yaron na sa wayar a amsa-kuwwa. Ya ɗan yi kame-kame sannan ya ce, "Kawu, wuri ne ya cika. Na shiga inda ake cire manhajoji sai na ga wasu abubuwa suna ɗaya sun maimaitu wajen goma, shi ne na goge na bar guda ɗaya."

Injiniya bai yi dariya ba, ya ce wannan shi ne kusan kullum. Kafin ya taɓa komai ya haɗa wani faifan ajiya na waje ya kwafe foldar ayyukana da ta haruffa, a gabana, ya nuna mini sun shiga. Yayin da kwafin ke tafiya ne ya yi mini bayanin da ya sa na ga kuɗina bai faɗi ba.

Ya ce manhajoji da yawa ba sa zuwa da dukkan kayan aikinsu. Akwai ayyukan da kusan kowace manhaja ke buƙata, kamar lissafi, sarrafa rubutu, karanta fayil da rabon ƙwaƙwalwa. Maimakon kowane kamfani ya sake rubuta nasa, sai a zuba su a fayilolin tarayya, su ne waɗannan masu ƙarewa da .dll, duk manhajar da za ta tashi ta miƙa hannu ta ɗauka. Kamar turmi ne a gidan haya, in ji shi, ɗaki goma turmi ɗaya a tsakar gida, ranar da wani ya ɗauke shi ba ɗaki ɗaya ne zai rasa daka ba. Shi ya sa manhajar zane da ta firinta suka kwanta tare alhali ba kamfani ɗaya ya yi su ba.

Abubuwan da yaron ya goge sunansu Microsoft Visual C++ Redistributable. Wanda duk ya buɗe jerin manhajojin kwamfutarsa zai gan su a jere, kuma da gaske kamar maimaici suke. Amma kowanne da shekararsa: 2005, 2008, 2010, 2012, 2013, sai na 2015 zuwa 2022 da aka haɗe a ƙunshi ɗaya. Kowace shekara kuma kashi biyu ce, x86 na manhajoji masu bit 32, x64 na masu bit 64. Sabon ba ya maye gurbin tsohon. Manhajar da aka gina da na 2010 shi za ta ci gaba da nema ko da ka ɗora mata na 2022. Ya ɗauki biro ya rubuta mini a bayan wani tsohon katin biki da ke jakata yadda ake gane wanne ya ɓata daga lambar da ke jikin sunan fayil: 100 na 2010 ne, 110 na 2012, 120 na 2013, 140 kuwa na 2015 zuwa 2022. Kenan in ka ga MSVCR120.dll ka san ƙunshin 2013 ake nema, in ka ga MSVCP140.dll ka san na ƙarshen ne. Katin yana nan manne a bangon shagona, kuma ya yi wa maƙwabtana masu cike fom amfani fiye da yadda ya yi mini.

Lambar 0xc000007b ita ma ya warware mini ita. A Windows mai bit 64, foldar System32 ta fayiloli masu bit 64 ce, masu bit 32 kuma a SysWOW64 suke zama. Duk wanda ya bi sunayen zai yi tsammanin akasin haka ne, kuma nan mutane ke faɗawa. Yaron ya sauko da fayil mai bit 32 ya ajiye inda ake neman mai 64. Manhajar ta ga sunan da take nema, ta ɗauka, ta tarar ba samfurinta ba ne, ta tsaya. Saƙon "babu" ya ɓace ne saboda yanzu akwai wani abu mai wannan suna, ba don an gyara komai ba.

Daga nan ya danna fayilolin da aka sauko da su ta maɓallin dama ya buɗe bayanansu. Na gaskiyan suna ɗauke da sa hannun Microsoft, akwai shafi musamman da ke nuna shi. Ɗaya daga cikin biyun ba shi da wannan shafin kwata-kwata. Bai ce mini lalle bairos ne ba, kuma na ji daɗin da bai tsorata ni don ya ƙara kuɗi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ku dai ku tuna wannan ba hoto ba ne, umarni ne da zai gudana a cikin manhajarku, duk abin da take da ikon taɓawa shi ma zai iya." Na tuna a wannan laftof nake shiga asusuna na banki, a cikinta hotunan fasfo na kwastomomi suke da takardunsu. Ya ƙara da cewa manhaja takan fara duba foldarta kafin ta leƙa ta Windows, shi ya sa ɓarayin intanet ke ajiye gurɓataccen DLL mai sunan na gaskiya kusa da halastacciyar manhaja, ita da kanta ta ɗauko shi ta tayar.

Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba. Ya cire baƙin fayilolin, ya shiga shafin Microsoft ya sauko da vc_redist.x64.exe da vc_redist.x86.exe, ya ɗora su duka biyun, domin Windows mai bit 64 tana gudanar da manhajoji masu bit 32 ma, kuma ta firintata irin su ce. Ya bi da na 2013 da na 2010, ya kashe ya kunna. Manhajar zane ta buɗe, katin da na bari rabi yana nan yadda na bar shi. Na tambaye shi me ya sa ya ƙona data alhali na san yana da su a filasha. Ya ce na filashar masu gyara da yawa tsohon ƙunshin 2015 ne, shi kuwa ba shi da wani fayil mai suna VCRUNTIME140_1.dll, wanda sai a 2019 aka ƙaro shi a ɓangaren bit 64. Sai a ɗora maka tsohon, yau ta buɗe, gobe wata sabuwar manhaja ta sake yi maka kukan wani fayil.

Da a nan ya tsaya ya karɓi kuɗinsa, da na tafi ina godiya. Sai ya lura ban yarda a zare caja ba ko na daƙiƙa ɗaya, ya tambaya ko batir ya mutu. Na ce ya daɗe da mutuwa, in aka ɗauke wuta na'urar ɗif take yi har sai yaro ya tayar da janareto. Ya girgiza kai ya buɗe baƙin akwatin nan da ake rubuta umarni, da izinin mai gudanarwa, ya fara da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke gyara ma'ajiyar da Windows ke ɗauko lafiyayyun fayilolinta. Abin ya kai kashi 62 da ɗoriya ya tsaya cak, har na fara duba agogo, ya ce haka yake yi, a ƙyale shi. Bayan ya gama ya bi da sfc /scannow, shi kuma ya ce ya sami lalatattun fayiloli ya gyara su.

A nan ya faɗi wani abu da ban taɓa jin wani mai gyara ya bambance ba. Ya ce wannan umarni na sfc da ake ta yayatawa kamar maganin kowace cuta fayilolin Windows kanta kawai yake dubawa. Da shi aka fara da shi a matsalata, da VCRUNTIME140.dll bai dawo ba, domin ba cikin kayan da yake gadi yake ba. Haka nan regsvr32 da wasu ke cewa a rubuta don a yi wa fayil rajista, wasu nau'in DLL ne kaɗai ke karɓarsa, irin waɗannan na Visual C++ ba sa ciki. Kenan ciwo biyu ne a na'urata: wanda yaro ya jawo da gogewa, da wanda ke cin ta a ɓoye, na fayilolin da ke lalacewa in wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta su.

Ya ɗora wata 'yar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, mai karanta rahoton lafiyar da faifan ajiya ke riƙewa game da kansa. Lafiyayye shuɗi yake nunawa, nawa ruwan ɗorawa ya nuna, alamar gargaɗi, saboda akwai gurabe a jikin faifan da suka lalace har ya fara kauce musu. Faifan tsohon yayi ne, mai juyawa. Ya ce, "Alhaji, ko da an yi muku fomatin, a kan wannan faifan za a sake zubawa. Bayan wata biyu wani DLL ɗin zai ɓace, ku sake biya." Shawararsa ita ce a sa faifan SSD, sabon yayi marar juyawa, a kwafe tsohon gaba ɗaya zuwa sabon tun yana iya karantuwa. Na yarda na bar masa ita ta kwana. Da na karɓo, haruffana, saitin firinta, har hoton bangon allo, komai yana mazauninsa, ga shi tana tashi kafin in gama gyara zama.

Zaman jiran da na yi a bencin nan ya nuna mini ba ni kaɗai yake yi wa haka ba. Wani ɗalibi ya zo da laftof sabuwa dal, tsohon wasan ƙwallonsa na neman d3dx9_43.dll, yana rantsuwa cewa DirectX, wato kayan Microsoft da wasanni ke dogara da su, na 12 ne ke kan na'urar, ta yaya za a ce na 9 ya ɓata. Injiniya ya ce masa waɗannan fayiloli ba sa zuwa da sabuwar Windows, akwai ƙunshinsu daban na watan Yunin 2010 a shafin Microsoft. Ya ɗora masa a tsaye, bai karɓi ko sisi ba. Sai wani mai ɗaukar hoton biki da manhajar gyaran hotonsa ke kukan wani fayil. Injiniya ya buɗe tarihin tsaron Windows ya nuna masa fayil ɗin bai ɓata ba, antibairos ne ya killace shi, domin manhajar fasasshiya ce, irin wadda ake ɗorawa a kasuwa ba lasisi. Mutumin ya ce a kashe antibairos ɗin kawai a dawo da fayil ɗin. Injiniya ya ce shi ba zai yi ba, akwai masu yi a ƙasa. Suka ɗan ɗaga murya, mutumin ya ɗauki kayansa ya sauka.

Ni a nan raina biyu ne. Na san dalilinsa, tunda ba ya iya rantsewa a kan abin da ke cikin fayil ɗin da wani ya fasa, kuma in aka kwashe wa mutum kuɗi a banki shagonsa za a zo. Amma kuma kuɗin lasisin irin waɗannan manhajoji da dala ake biya, kuma wanda ke ɗaukar hoton biki a Agege ko Mile 12 ya san abin da hakan ke nufi a aljihunsa. Ya ambata masa GIMP, ni kuma ya ambata mini Inkscape, dukkansu kyauta ne kuma halal. Gaskiya ce, sai dai wanda ya shekara goma hannunsa ya saba da wata manhaja ba ya sauya ta ranar da biki ke jiransa. Da ya faɗa masa da taushi, da ƙila mutumin ya zauna ya saurara. Injiniya yana da gaskiya sau da yawa, amma bai iya sa mata sukari ba.

Daga baya na kai masa tsohuwar kwamfutar tebur da ke jan babbar firintata, wadda har yau Windows 7 ke kanta. Ita kuma api-ms-win-crt-runtime-l1-1-0.dll take nema duk sanda aka ɗora mata wata sabuwar manhaja. Ya ce wannan wani ɓangare ne da Windows 10 ke zuwa da shi a jikinta, amma a Windows 7 sai an ƙara shi ta wani sabuntawa mai lamba KB2999226, shi kuma ba ya hawa sai na'urar tana da Service Pack 1. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ta tashi. Sannan ya tuna mini cewa tun 14 ga Janairun 2020 aka daina yi wa Windows 7 sabuntawar tsaro, don haka in bar ta a kan aikin firinta kawai, kada in haɗa ta da intanet. A kan laftof ɗin ma ya gaya mini wa'adin Windows 10 ya cika a 14 ga Oktoban 2025, kuma injin tawa Intel ne na zango na 6, alhali jerin da Windows 11 ke karɓa galibi daga zango na 8 ya fara. Na jira in ji ya ce akwai wata a wajen ɗan'uwansa da zai sayar mini, kamar yadda aka saba a kasuwar nan. Bai ce ba. Cewa ya yi in fara tara kuɗi a hankali.

Yanzu ga abin da bai yi mini daɗi ba, kuma ba ƙanana ba ne. Da zan bar laftof ta kwana, yaronsa ya tambaye ni kalmar sirri, ya rubuta ta a kan farar salatif ya manna a murfin na'urar, ya ɗora ta a kanta tare da sauran. Duk wanda ya shigo shagon zai iya karantawa. Mutumin da ya gama yi mini wa'azi a kan gurɓataccen fayil bai kamata a ga wannan a shagonsa ba. Na yi magana, ya sa aka cire, amma na ga na wasu a manne. Wanda zai bar na'urarsa ya canza kalmar sirri kafin ya je, ya sake canzawa bayan ya karɓo, ya kuma fita daga asusun banki da na imel.

Ba ya ba da rasit. Wani littafi ne mai baƙin bango yake rubuta suna da lambar waya da kalar na'ura, shi kenan. A kasuwar da ake yawan rigima a kan an canza wa mutum kayan ciki, wannan sakaci ne ko da shi mai amana ne. Ni na ɗauki hoton lambar jikin laftof ɗin da ta sabon faifan a gabansa, bai ji haushi ba. Ba ya ajiye kayan gyara, yaro yake aika ƙasa ya sayo, kuma da na tambayi kuɗin irin faifan da aka sa mini a wani shago na tarar an ɗora mini wajen naira 3,000. Ba ta kai a yi faɗa ba, amma da an gaya mini kuɗin aike ne da na fi jin daɗi. Waya kuwa kamar ba tasa ba, sai ka kira ka gaji, saƙon WhatsApp ya fi saurin samun amsa, shi ma sai dare.

Sai jinkiri. Mutum ɗaya yake saurara a lokaci guda, kuma ba ya yanke bayani don wani na jira. In kai ne a gabansa abin daɗi ne, in kai ne na huɗu a benci za ka ji kamar ka tashi. Wanda ke da aikin da zai miƙa nan da awa biyu, kuma babu abin da yake tsoron rasawa a na'urarsa, mai fomatin na layinsu ya fi masa.

Kuɗin dubawa da gyaran DLL naira 10,000 ya karɓa, ninki biyu na abin da aka nema a wajena don fomatin. Kwafe faifai zuwa sabo naira 15,000, ban da kuɗin faifan. Na Windows 7 ɗin naira 5,000. Yana karɓar tiransifa. Ba ya son ciniki, in ka matsa sai ya ce a bar aikin, amma kuma kafin ya fara yake faɗin kuɗi, ban ga ya ƙara wani abu daga baya ba. Tun da aka yi gyaran ban sake ganin akwatin nan ba, duk da cewa wutarmu ta Agege ba ta canza hali ba. Batir ba ya sayarwa, wani shago ya kwatanta mini a titin Pepple, ya ce in tabbatar an gwada shi a gabana an zare caja kafin in biya.

In za ka je, ka tafi da cajarka, ka ɗauki hoton saƙon tun farkon fitowarsa ta yadda sunan fayil zai fito sosai, kuma ka tafi da wanda ya fi taɓa na'urar ko lambar wayarsa, domin tambayar farko a kansa za ta faɗa. Ranar Alhamis kada ka yi sammako, kasuwannin Legas na yin shara da safe, shaguna ba sa buɗewa sai ƙarfe 10. Ranar Juma'a yana rufewa tun kafin azahar sai an sauko daga masallaci, Lahadi kuma ba ya fitowa. Talata da Laraba da hantsi na fi samun bencin babu kowa.